Mafarkin Ido Biyu: Arlit Tsakanin Tarihi da Allon Silima

Gabatarwa

A cikin fina-finan ƙagen kimiyya akwai wani reshe da bai damu da kumbunan da ke zuwa duniyar taurari ba. Abin da ya sa a gaba shi ne ƙwaƙwalwar ɗan Adam da abin da ke gudana a cikinta idan barci ya ɗauke shi. Mai kallo yakan shiga irin wannan fim yana ganin ya san inda ya taka, amma kafin a kai rabi sai ƙasa ta zame masa, ya kasa rarrabe inda farke ya ƙare da inda mafarki ya soma. Wanda ya fi yin suna a cikinsu shi ne Inception, wanda Christopher Nolan ya fitar a 2010. Labarin wasu ɓarayi ne masu kutsawa cikin barcin mutane su saci asirinsu. Wata rana wani attajiri ya ba su aikin da ya fi sata wuya, wato su dasa wani tunani a zuciyar magajin wani ƙasaitaccen kamfanin makamashi, ta yadda zai farka yana zaton shi ya ƙudura abin da kansa. Domin aikin ya yiwu sai da suka ɗauki mai zanen gine-gine, wadda za ta tsara birnin da mai barcin zai yi yawo a ciki, kuma a darasinta na farko ta naɗe titunan Faris kamar tabarma. Shugaban ɓarayin kuwa ba ya rabuwa da wata ƴar katantanwa ta ƙarfe: in ya murza ta ta faɗi, a farke yake; in ta yi ta juyi ba tsayawa, to cikin mafarki yake.

Duk wanda ya san arewacin Nijar zai ji kamar an taɓa ba shi wannan labari. A yammacin duwatsun Abzin, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, akwai birnin da kamfanin makamashi ya zana a takarda kafin a sami mazaunansa, wanda har aka yi wa laƙabi da Faris ta biyu. Fina-finan da suka fi shahara game da Arlit ba na ƙage ba ne, na gaskiya ne, masu nuna mutane a gidajensu da kasuwanninsu. Duk da haka tambayar da ke cikinsu ita ce wadda fina-finan mafarki ke yi: wa ya gina wannan duniyar, don amfanin wa, kuma da me mazauninta zai gane cewa ya farka? Wannan maƙala ta bi tarihin garin ne da waɗannan tambayoyi a hannu.

Mafarki a al'ada da kuma a silimar Nijar

Bahaushe bai taɓa ɗaukar mafarki abin wasa ba. Malamai sun kasa shi uku: na bushara, wanda yake daga Allah, na firgitarwa, wanda yake daga Shaiɗan, da kuma zancen zuci, wanda mutum ke kwana da shi saboda ya wuni da shi. Littattafan fassarar mafarki da ake jingina wa Ibn Sirin suna shimfiɗe a ƙofar masallatai daga Maraɗi har Agadas. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya biyo malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas yana saurayi, ya ba da labarin ganin da ya yi a wajajen 1794, inda Shehu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa takobin gaskiya, shekaru goma kafin hijirar Gudu. Kowane almajiri kuma ya san mafarkin sarkin Masar na shanu bakwai masu ƙiba da ramammu bakwai suka cinye, da fassarar da Annabi Yusufu ya yi masa. A wannan al'ada mafarki saƙo ne, kuma haɗarinsa yana wurin wanda ya rasa mai fassara.

Silimar Nijar ta gaji wannan damuwa tun daga haihuwarta. A Moi, un Noir, wanda Jean Rouch ya ɗauka a unguwar Treichville ta Abijan ya fitar a 1958, ƴan ci-ranin Nijar sun ari sunayen taurarin da suke gani a gidajen silima. Oumarou Ganda, tsohon sojan da ya yi yaƙin Indocin ya koma ɗan dako a bakin teku, ya kira kansa Edward G. Robinson. Da yake an ɗauki hotunan ba tare da sauti ba, daga baya ne Ganda ya zauna gaban allo ya ɗora muryarsa, yana faɗin abin da ya yi da abin da ya so ya yi, har biyun suka cakuɗe. A wani wuri mai kallo zai gan shi ya zama zakaran damben duniya, jama'a na yi masa tafi, kafin gari ya waye ya koma neman aikin yini.

A 1966 Moustapha Alassane ya kai maganar gaba a Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da huluna da bindigogi da takalman kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka sauya sunaye, suka hau dawaki, Zalika Souley ta zama Sarauniya Christine, Djingarey Maïga ya zama Black Cooper. Wasan da aka fara da dariya ya kai ga satar dabbobi da cin zarafin dattawa, ya ƙare da gawa. Alassane ya gane tun lokacin cewa mafarkin da aka shigo da shi cikin akwati yana iya zubar da jinin gaske. Bai san cewa a daidai shekarun ana shirya wani akwatin da ya fi nasa girma a arewacin ƙasar ba.

Birnin da aka zana a takarda

A 1957 masu binciken ma'adinai na Faransa, suna neman tagulla a Azelik, kusa da Tegidda-n-Tesemt, suka ci karo da alamun yuraniyom. Hukumar makamashin nukiliya ta Faransa, wato CEA, wadda aka kafa a 1945, ta karɓi binciken. Faransa na gaggawa a lokacin, domin a watan Fabrairu na 1960 ta fasa bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Yarjejeniyar tsaron da ta sa wa hannu da Nijar da Dahome da Kodibuwa ranar 24 ga Afrilu 1961 ta ƙunshi wani rataye da ya ba ta fifiko a kan ma'adinan da ke da amfani ga yaƙi, har da yuraniyom. Ke nan an tsara makomar dutsen tun kafin a san yawansa.

A tsakiyar shekarun 1960 aka gano manyan jijiyoyin ma'adinin a kwarin Tim Mersoi. Aka kafa kamfanin Somaïr a 1968, aka aza harsashin gari a 1969, aka fitar da yuraniyom na farko a 1971 daga wani buɗaɗɗen rami. A 1974 aka kafa Cominak, wanda ya fara aiki a 1978 a Akuta, cikin ramin ƙarƙashin ƙasa mai zurfin kusan mita 250, aka kuma gina wa ma'aikatansa garin Akokan, ƴan kilomita kaɗan daga Arlit. Masu hannun jarin Cominak sun nuna nisan da wannan rami ya kai: Faransa na da kashi 34 cikin ɗari, Nijar 31, wani rukunin kamfanonin Japan 25, Sifaniya 10.

Wurin da aka zaɓa makiyaya ce ta Abzinawa, babu kogi babu gona. Kome sai da aka kawo. Ruwa daga tsohuwar ajiyar da ke ƙarƙashin ƙasa aka jawo shi, wadda ta taru tun zamanin da Sahara ke da damina, wadda kuma ruwan saman yau ba ya mayar mata da abin da aka ɗiba. Wuta daga gawayin Anu Araren ta zo, inda Sonichar ta kunna tasharta kusa da Cirozerin a 1981. Aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, fiye da kilomita 600, wadda jama'a suka sa wa suna hanyar yuraniyom. Ta kanta aka riƙa ɗaukar gangunan garin nan ruwan ɗorawa zuwa Paraku, a ɗora wa jirgin ƙasa zuwa Kwatano, a bi teku zuwa masana'antar Malvési da ke kudancin Faransa.

Taswirar garin ta bi matsayin aiki. Manyan ma'aikata, waɗanda da farko kusan duk Turawa ne, suna da unguwarsu mai itatuwa da wurin ninƙaya da kantin da ake samun cuku da tuffa da jirgin sama ya kawo. Masu matsakaicin muƙami suna da tasu, leburori suna da tasu. Kowane kamfani yana da asibitinsa. Abin da mai zanen bai sa a takarda ba shi ne dubban mutanen da fari ya koro. Shekarun da aka gina Arlit su ne shekarun babban farin da ya kai ƙololuwa a 1973 da 1974, wanda ya ƙarar da dabbobin makiyaya. Su da Hausawan Adar da Damagaram da Katsina, da Zabarmawa, da mutanen Benin da Togo da Gana, suka kafa nasu garin a bayan shingen kamfani, da kwali da langalanga da tabarmi. Sunan unguwannin ya faɗi kome: Bukkoki.

Shekarun ƙiba sun zo da sauri. Bayan tashin farashin man fetur na 1973, Faransa ta ƙaddamar da babban shirinta na gina tashoshin nukiliya a watan Maris na 1974. Shugaba Diori Hamani ya nemi a ƙara kuɗin yuraniyom, ana cikin tattaunawa Shugaba Pompidou ya rasu ranar 2 ga Afrilu, ranar 15 ga watan kuma Seyni Kountché ya kifar da gwamnati. Sojojin sun kafa hujja da yunwa da karkatar da kayan agaji. Masana tarihi kuma har yau suna muhawara a kan abin da Faransa ta sani da abin da ta ƙyale ya faru. Ko ma mene ne, farashin ya hau har ya haura dalar Amurka 40 a kan kowace laba a ƙarshen shekarun 1970. A 1981 Nijar ta fitar da fiye da tan 4000, kuma yuraniyom ya zama fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sayarwa waje. Da kuɗinsa aka soke harajin kai, aka gina makarantu, aka ƙawata Yamai da otel ɗin Gaweye da zauren taro na ƙasa da benen Onarem. A Arlit kuwa fitilu ba sa mutuwa, albashi ba ya latti, matashin da ya zo da jaka ɗaya yakan koma gida da rediyo da keke da kuɗin aure. A nan laƙabin Faris ta biyu ya samo asali.

Shanu bakwai ramammu

Abin da ya tayar da garin daga barci ya faru ne a wuraren da yawancin mazaunansa ba su taɓa jin sunansu ba. A watan Maris na 1979 tashar nukiliyar Three Mile Island ta Amurka ta sami hatsari, ƙasashe da dama suka dakatar da gina sababbin tashoshi. A Afrilun 1986 Carnobil ta fashe. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyat aka juye yuraniyom ɗin makamai zuwa kasuwa. Farashin da ya haura dala 40 ya gangaro zuwa kusan dala 7 a shekarar 2000. Nijar, wadda ta ci bashi da zaton shekarun ƙiba ba za su ƙare ba, ta shiga hannun Asusun Lamuni na Duniya tun 1983. Kamfanonin biyu suka yi ta sallamar ma'aikata, tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995 ya tsinke hanyoyi, karya darajar sefa a Janairun 1994 ya raba albashi biyu. Babu wanda ya tanadi hatsi a cikin zangarniyarsa.

Wannan garin ne Idrissou Mora-Kpaï, ɗan ƙasar Benin, ya ɗauka a fim ɗinsa Arlit, deuxième Paris, wanda aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2005. Fim ɗin ya bi wani dattijo mai suna Isa da ya komo garin domin ya ga ɗansa da tsofaffin abokansa karo na ƙarshe. Kyamara ba ta gaggawa. Tana tsayawa a kan titin da rairayi ya cinye, da gawarwakin motoci, da makanikan da ke jiran aiki, da matan da suka zo neman kuɗi suka rasa na komawa. Mutane suna magana da Hausa da Bariba da Tamashek da Faransanci, kuma kusan kowa yana magana ne a kan wani gari dabam: tsofaffi a kan Arlit ta da, matasa a kan Tamanrasset da Turai da suke hanƙoron kaiwa. Ba wanda yake zaune a inda jikinsa yake. A ƙarshen Inception akwai wani birni da ma'aurata biyu suka gina cikin mafarki suka zauna shekara hamsin, wanda benayensa ke zubewa cikin teku ɗaya bayan ɗaya. Mora-Kpaï ya riga Nolan nuna irin wannan wuri da shekara biyar, kuma bai buƙaci dabarar kwamfuta ba.

Abin da ido ba ya gani

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A Arlit wannan karin magana ya gamu da cikas, domin abin da ake tsoro ba shi da launi, ba shi da wari. A kowane tan na dutse kilo biyu zuwa biyar ne kawai na yuraniyom. Sauran, bayan an niƙa an jiƙa da ruwan asid, ana tara shi ne a fili. Wannan dusa tana riƙe da fiye da kashi uku cikin huɗu na tururin da ke cikin dutsen tun asali. Tana fitar da iskar radon, wadda ke shiga huhu. Sinadarin radiyom da ke cikinta sai ya shekara 1600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi, toriyom kuwa kimanin shekara 75,000. Daular Gobir da ta Sakkwato da mulkin Faransa, in an haɗa su duka, ba su kai ƙiftawar ido ba a wannan ma'auni.

Masu shirya fim sun daɗe suna fama da yadda za a nuna guba marar kama. A Stalker, na Andrei Tarkovsky, 1979, wani ɗan jagora yana kai mutane cikin wani haramtaccen yanki inda ciyawa ke kore, ruwa ke gudu, amma kowane taku na iya zama ajali, a tsakiyarsa kuma akwai ɗakin da ke biya wa mutum buƙatar da ke can ƙasan zuciyarsa. An ɗauki fim ɗin kusa da Tallin, a bakin kogin da wata masana'anta ke zuba dagwalonta. Da Tarkovsky da babban ɗan wasansa Anatoly Solonitsyn duk ciwon dajin huhu ya kashe su, kuma wasu abokan aikinsu sun danganta abin da wurin. Akira Kurosawa, a fim ɗinsa na mafarkai takwas da ya fito a 1990, ya bi wata hanyar. A ɗaya daga cikin mafarkan tukwanen nukiliya shida sun fashe a bayan dutsen Fuji, sai ya rina kowace guba da launinta, gajimare ja da rawaya da shunayya suna bin mutane har bakin teku. Shekara 21 bayan haka, a Maris na 2011, igiyar ruwa ta afka wa tashar Fukushima, mai tukwane shida.

Amina Weira, wadda ta tashi a Arlit, mahaifinta kuma ya yi shekara 35 yana aikin ma'adinin, ba ta rina kome ba. A La Colère dans le vent, na 2016, iska ta ɗauka. Guguwar rairayi tana tasowa ta rufe garin, mata na kakkaɓe kwanoni, yara na wasa, mai kallo kuwa ya riga ya san ta kan tudun da iskar ta biyo. Tana zaune da mahaifinta da abokansa suna tuna shekarun da ake aiki ba tare da an gaya musu haɗarin ba, ana komawa gida da kayan aiki a jiki. Tana nuna maƙeran da ke sarrafa ƙarafan da suka fito daga kamfani su zama tukwane da kayan gida. Tsoron da ke cikin fim ɗin na mutumin da ke zargin ɗakin kwanansa ne.

A nan ma akwai katantanwa, wato na'urar auna tururi. Almoustapha Alhacen, ma'aikacin Somaïr, ya kafa ƙungiyar Aghirin'man a farkon shekarun 2000, bayan ya ga abokan aiki suna mutuwa da cututtukan da ba a bayyana musu ba. Shi ya gayyato masanan CRIIRAD daga Faransa a Disamban 2003, aka kuma riƙe manyan na'urorinsu a filin jirgin saman Yamai. Da ƙananan da suka rage suka gano gurɓatattun ƙarafa a kasuwa. A Nuwamban 2009 Greenpeace ta yi nata awon, ta ba da rahoto a 2010 cewa a wani titin Akokan tururin ya kusa ninka na al'ada sau 500, kuma huɗu cikin samfuran ruwa biyar sun wuce iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata. Areva, wadda ta gaji Cogema a 2001, ta ce tana bin ƙa'idojin duniya, ta kwashe gurɓatacciyar ƙasar wasu tituna, aka kuma kafa cibiyar sa ido kan lafiyar tsofaffin ma'aikata a jihar Agadas a 2011. Ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa, wadda da ita aka kafa tsarin, ta janye a ƙarshen 2012 tana cewa ba a cika alkawari ba.

Mafarkin wasu

Sunan Nijar ya taɓa shiga wani ƙagen da ya fi kowane fim ɓarna. Wasu takardun jabu da suka ɓulla a Italiya sun nuna wai Iraƙi ta ƙulla cinikin tan 500 na yuraniyom da Nijar. A Fabrairun 2002 Amurka ta aiko tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai, ya koma ya ce abin ba shi da tushe, ganin yadda kamfanonin ke ƙididdige kowace ganga. Duk da haka a Janairun 2003 Shugaba Bush ya gaya wa majalisar ƙasarsa cewa Saddam ya nemi yuraniyom a Afirka. Ranar 7 ga Maris Mohamed ElBaradei ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun na bogi ne. Kafin mako biyu su cika aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza. An dasa tunani a zukatan miliyoyin mutane, suka farka suna zaton nasu ne. Da Hollywood ta mayar da labarin fim a 2010, da sunan Fair Game, Nijar ta fito ne na ƴan mintoci, a matsayin wurin da baƙo ya sauka ya tashi.

A 2007 farashi ya yi tsalle zuwa dala 136, mafarkin ya dawo sabo. A wannan shekarar tawayen MNJ ya ɓarke, yana neman a ba yankin rabonsa. A Mayun 2009 Shugaba Tandja Mamadou ya aza harsashin Imuraren, kimanin kilomita 80 kudu da Arlit, inda aka yi alkawarin tan 5000 a shekara. Sai abubuwa suka biyo juna: sace mutum bakwai masu alaƙa da Areva da Satom a Arlit ranar 16 ga Satumba 2010, waɗanda huɗun ƙarshensu ba su kuɓuta ba sai Oktoban 2013, faɗuwar farashi bayan Fukushima, harin ƙunar baƙin wake a masana'antar Somaïr da barikin Agadas ranar 23 ga Mayu 2013. A 2014 aka jingine Imuraren ba tare da an fitar da ko ganga ɗaya ba.

Talakawa kuma suka bi tasu ƙawalwalniyar. A Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, waɗanda motocinsu suka lalace a hanyar Aljeriya ƙishirwa ta kashe su. A 2014 aka ga zinariya a Jado da Cibarakaten, dubban matasa suka sayar da abin da suka mallaka suka sayi na'urar neman ƙarfe. Daga wannan yanayi fim ɗin Zerzura ya fito a 2017, wanda Ba'amurke Christopher Kirkley ya shirya a Agadas da harshen Tamashek tare da makaɗin gita Ahmoudou Madassane. Saurayi ne ya shiga hamada neman ɗan'uwansa da ya tafi neman ɓataccen birnin dukiya, yana gamuwa da aljannu da ƴan fashi da masu haƙar zinariya, har ya daina sanin wane ne mutum a cikinsu. A duk abin da aka ɗauka a jihar, shi ya fi kusa da fim ɗin mafarki na ƙage, kuma bai ƙara wa gaskiya gishiri mai yawa ba.

Kammalawa

Ranar 31 ga Maris 2021 Cominak ta rufe, bayan ta fitar da kimanin tan 75,000 cikin shekara 43. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan ƴan kwangila. Ta bar kusan tan miliyan 20 na dusa a fili mai faɗin hekta 120, wadda aka tsara rufewa da yumɓu da dutse mai kaurin mita biyu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 rufe iyakar Benin ya toshe hanyar Kwatano. A Yunin 2024 gwamnati ta ƙwace lasisin Imuraren daga Orano, sunan da Areva ta koma amsawa tun 2018. A Yunin 2025 kuma ta mayar da Somaïr mallakar ƙasa, kamfanin Faransan ya kai ƙara gaban kotun sasanci ta duniya. Mutane da yawa sun yi murna, kuma dalilinsu a fili yake: ƙasar da ta yi rabin ƙarni tana taimakawa wajen haskaka biranen Faransa, a 2020 ko mutum ɗaya cikin biyar na ƴaƴanta bai da wutar lantarki.

Sai dai sauya mai rami ba ya sauya abin da ke cikin ramin. Tudun Akokan bai san tutar da ke kaɗawa a ƙofar kamfani ba, kuma zai ci gaba da fitar da radon bayan an manta sunayen duk waɗanda suka yi jayayya a kansa. Tambayoyin da suka rage masu nauyi ne: wa zai biya kuɗin rufe shi har a gama, wa zai riƙa auna rijiyoyi yana bayyana wa jama'a sakamakon da harshen da suke ji, a hannun wa takardun asibitin tsofaffin ma'aikata za su zauna, kuma me za a tanada daga shekarun ƙiba masu zuwa, in sun zo. Mutanen da suka sauka ramin Akuta a 1978 suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, da abin da suka sani a cikinsu. Kaɗan daga cikin muryoyinsu suna ajiye a fina-finan Mora-Kpaï da Amina Weira, waɗanda aka fi kallo a bukukuwan Turai fiye da makarantun Agadas da Tawa da Damagaram. Ya kamata a kai su azuzuwan nan, a kuma ba ɗaliban Arlit kyamara da na'urar awo, su ɗauki sauran dattawan tun suna da rai.